Alhakin Wanda Ba Shi Da Alƙalami

Akwai wata tambaya da mu ke so mu ajiye gaban masu karatu. In marubuci ya tashi ƙaga labari a kan mutanen da suka shuɗe, ya tarar ɓangare ɗaya kaɗai ya bar rubutu, yaya zai yi adalci?

Ga misali daga ƙasar Kanada. A shekarar 1626 wani limamin Katolika Bafaranshe, Jean de Brébeuf, na ƙungiyar Jizuwit, ya isa wurin wata al'umma da ke kiran kanta Wendat, Faransawa kuwa su na ce musu Huron. Ya zauna cikinsu, ya ci abincinsu, ya koyi harshensu ƙwarai. Shi da 'yan'uwansa su kan rubuta rahoton aikinsu kowace shekara, a na bugawa a Faris, tun daga 1632 har 1673. Daga cikin takardun nan ne marubuta ke ɗibar labari, kamar Brian Moore da littafinsa Black Robe na 1985.

To, amma ku duba abin da ya auku. Tsakanin 1634 da 1640 cututtukan da suka ƙetaro teku tare da Turawa, har da agana, suka kashe wajen rabin Wendat. Limaman nan su kan yi gaggawar yi wa mai jinya baftisma kafin ya cika, don a ganinsu ceton ransa su ke yi. Uwa kuwa abin da ta gani shi ne, baƙo mai baƙar riga ya shigo, ya zuba wa ɗanta ruwa, kashegari yaro ya mutu, baƙo na nan lafiya lau. Da mu ne, me za mu kira wannan in ba maita ba? Haka kuwa da yawansu suka kira shi.

A 1649 mayaƙan Irokwa suka kama Brébeuf, suka azabtar da shi har ya mutu, al'ummar Wendat kuma ta watse. An rubuta mutuwarsa dalla-dalla. Dubban matan nan da suka binne 'ya'yansu kuwa, maganarsu ba ta iso mu ba sai ta bakin wanda su ke zargi.

Ba mu ce limaman mugaye ba ne. Wanda ya bar garinsu, ya jure yunwa da sanyi har ya ba da ransa, lalle da gaske ya ke yi. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta mai da baƙo ɗan gari, mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

A ganinmu marubuci nan tamkar alƙali ne wanda mai ƙara ya zo da takardu, abokin shari'a kuwa ya riga ya mutu. In ya bi takarda kurum, ya zalunci matacce. In ya mai da limami dodo don ya faranta wa mutanen yau, nan ma ya yi ƙarya. Abin da ya wajaba gare shi, ya karanta rahoton ya na tambayar kansa, me ya sa matar nan ta rufe ƙofarta, ya ba ta hankali da hujja daidai da na baƙonta. Jikokin Wendat su na nan a Wendake kusa da birnin Kwibek, su ma su na karanta abin da a ke rubutawa game da kakanninsu.