Sunana ne a takarda, amma kuɗin wa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya ƙara tsira da aminci ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ƴan'uwa, baffana dillalin bisashe ne a Tenhiya, can ƙasar Damargu. Bai yi boko ba, banki kuma ya yi masa nisa. Duk sa'ad da ya sayar da raƙuma ko tumaki a kasuwar Tanut, sai ya turo mini kuɗin Damagaram in zuba a asusun da na buɗe da sunana lokacin da na shiga jami'a. Ranar da Allah Ya karɓi ransa, akwai jaka ɗari tara na sefa a ciki. Ya bar mata biyu, da ɗa namiji ƙarami, da ƴaƴa mata huɗu. Ba wanda ya san adadin sai ni.

Ba a yi sadakar arba'in ba gida ya rikice. Uwargida ta ce akwai dukiya a hannuna, amarya ta ce an riga an haɗa baki da ni. Wani abokin karatuna ya ce in kwantar da hankalina, banki suna kawai ya sani, kuma sunana ne. Ni ma ina da hujjata: wata rana a waya baffa ya ce in ya rasu ina karatu, in ɗebi abin da zai ishe ni.

To, abin da takarda ta ba ni, ya halatta gare ni?

Mutanen Tenhiya ba sa buƙatar malami a kan wannan in dai maganar dabba ce. Fulaninmu suna da habbanaye: a ba ka karsana, ta zauna a garkenka shekaru, ka sha nono, ka riƙe maruƙa, amma uwar ta koma ga mai ita. Ba wanda ya taɓa cewa daɗewarta a igiyarsa ta mai da ita tasa. Sai da dukiya ta koma lambobi a waya muka fara ruɗewa, don saniya kowa na ganinta, asusu kuwa daga kai sai Allah.

Na kai maganar ga muƙaddaminmu bayan wazifa. Ya tuna mini abin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa: Sayyidina Abubakar ya yi wa Nana A'isha kyautar dabino wusuƙi 20 daga gonarsa, ba ta karɓa ba har ciwon ajali ya zo masa, sai ya shaida mata cewa yanzu ya zama dukiyar magada. Kyauta a mazhabarmu ba ta cika sai an karɓe ta mai bayarwa na da rai da lafiya. Ni kuwa ajiya aka ba ni. Maganar waya, in ta tabbata, wasiyya ce. Tana iya halatta tunda ɗansa ya kange ni daga gado, muddin ba ta wuce sulusi ba. Sai ya tambaye ni: "Wa ya ji, ban da kai?"

Nan na tsaya, kuma nan ne wurin ya fi yi mini zafi. Ban yi ƙarya ba, baffa ya faɗa. Amma kullum na tuna maganar sai in ji ta ƙara faɗi. Da farko kuɗin rajista ne, daga baya ta haɗa da haya, har da kwamfuta. Nafsu ba ta ce mini in ci dukiyar maraya ba, ta san ba zan yarda ba. Tafsiri kawai take yi wa maganar mamaci, kullum ta ɓangarena. Ina jan istigfari 100 safe da yamma a lazimi, ga haƙƙin yara biyar a aljihuna.

Da hutu na ciro takardar lissafin asusun tun daga ranar farko, na hau mota zuwa Tanut, daga nan Tenhiya. A gaban liman da dattawan gida na karanta ta layi-layi, na kuma faɗi abin da baffa ya ce, na ce ba ni da shaida. Aka fitar da bashin wani mai raƙumi da ban ma san da shi ba, matan biyu suka raba tumuni, saura aka kasa shida, yaron ya ɗauki kashi biyu.

Uwargida ta ba ni jaka goma daga rabonta, na karɓa. Amarya har yau ba ta amsa gaisuwata, tana ganin akwai wani asusun da na ɓoye. Kuɗin rajistar bana rance na ci. Allah Ya jiƙan baffa, Ya sa Annabi ya san da shi.