Suna Muke Sha Ko Shayi?

Wata safiya a teburin wani mai shayi a Rijiyar Lemo, gardama ta kaure tsakanina da abokina. Shi ya ce babu ganyen da ya kai Lipton, ni kuwa na ce Highland na tsaunin Mambila ya fi shi. Sai mai shayin ya ce, "Samari, ku dakata." Ya tsinke 'yan takardun da ke jikin zaren, ya haɗa mana kofi biyu, ba madara ba sukari. Muka kurɓa, muka ji bauri da ɗan ɗaci, amma aka rasa wanda zai rantse ga nasa.

To jama'a, ashe me muka daɗe muna yabo? Tun 1890 da Thomas Lipton ya sayi gonakin shayi a Silon, wato Siri Lanka ta yau, sunansa yake yawo a duniya, har ta kai a Kano kowane ganye mai zare "lifton" ake ce masa.

Haka kuwa muke yi wa mutane. Sai mun ji ɗan wane ne, ko wace jami'a ya yi, sannan mu auna maganarsa. Wanda ya kasa yi wa kofin shayi adalci, yaya zai yi wa ɗan'uwansa?