Mai Ɗakin Da Ba Ya Magana

A wuraren kiwon dawakin tsere da na wasanni a Amurka da Turai akwai wata sana'a da ake kira kayirofiraktik, wato gyaran ƙashin baya da hannu. Mai sana'ar yakan hau ɗan dandamali don ya kai tsayin doki, ya laluba gadon bayansa gaɓa bayan gaɓa, inda ya ji ta ƙage sai ya danna ta da sauri, sau ɗaya. Don mutane aka fara ta. Daniel David Palmer ne ya ƙirƙiro ta a garin Davenport na jihar Iowa a 1895, bisa imanin cewa yawancin cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke tasowa. A 1989 masu yi wa dabbobi suka kafa ƙungiyarsu a Amurka.

Likitocin dabbobi sun rabu a kanta. Wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna bayan doki yakan ɗan saki na wani lokaci bayan an danna shi. Amma cewa tafin hannun mutum yana mayar da ƙashin da ya goce a jikin dabbar da ta kai kilo 500, ta cikin tarin tsoka, ba a tabbatar ba. Wannan gardamar ta masana ce. Tambayar da ta shafe mu duka ita ce: idan an gama aikin, wa ke cewa an samu sauƙi?

Mukan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutum in an gyara masa baya, zai buɗe baki ya ce ya ji daɗi, ko ya ce da sauran ciwo. A nan kuwa mai ɗakin doki ne, kuma ba ya magana. Mai doki ne ya kira mai gyara, shi ya biya, shi ke son hawa gobe, kuma shi ne alƙalin da zai yanke hukuncin an warke.

An taɓa auna irin wannan alƙalanci. A 2012 aka buga wani bincike a Amurka kan karnuka masu ciwon gaɓoɓi da aka ba maganin bogi, wanda babu komai a cikinsa. A kusan kashi 40 cikin 100 na lokutan da aka tambayi masu karnukan, sun ce ɗingishi ya ragu, likitocin da suka duba ma kusan haka suka ce. Na'urar da ke auna nauyin da kare ke ɗorawa a kan ƙafarsa kuwa ta nuna yawancinsu suna nan yadda suke. Babu wanda ya yi ƙarya. Abin da zuciya ke so ne ido ya gani.

Tarihin dawaki ma yana da irin wannan. A birnin Balin na Jamus an yi wani doki mai suna Hans da aka ce ya iya lissafi, yana ba da amsa da buga kofato. A 1907 Oskar Pfungst ya bayyana cewa motsin jikin mai tambaya dokin ke karantawa, ya daina bugawa in ya ga an sassauta. Mai shi, Wilhelm von Osten, ya yarda da dokinsa har zuciya.

Za a ce, to ina laifi? Mai doki ya kashe kuɗinsa ne don ƙauna, kuma dannawar ba kasafai take cutarwa ba. Gaskiya ne. Sai dai ciwon bayan doki sau da yawa daga wani wuri yake zuwa: ƙafar baya mai ɗingishin da ido bai kama ba, sirdin da bai zauna daidai ba, mahayin da ya yi masa nauyi, ko ƙasusuwan saman gadon baya da ke gugar juna, waɗanda sai hoton ƙashi ke nunawa. Idan dannawar ta kwantar da hankalin mai doki ta bar sanadin, ta ba shi lasisin ɗaura sirdi a kan ciwo. Kyakkyawar niyya ba ta rage wa dokin ko kilo ɗaya.

Jiki magayi ne, har na dabba. A 2018 likitar dawaki Sue Dyson ta Ingila da abokan aikinta suka fitar da jerin alamu 24 da doki ke nunawa in ana kansa, kamar kwantar da kunnuwa baya, kaɗa wutsiya da ƙarfi, buɗe baki, da tutsu. In aka ga takwas ko fiye, akwai yiwuwar ciwo sosai. Mu da muke cika hanya ranar hawan sallah mun san waɗannan alamu. Sunan da muke ba su shi ne zafi ko taurin kai, amsarsu kuma ƙaimi da bulala.

Wanda ya riƙe amanar marar baki, wajibinsa ya nemi shaidar da za ta iya ƙaryata shi. Likita ya fara dubawa kafin mai gyara ya taɓa. A sa wanda bai san an yi wa dokin komai ba ya kalli tafiyarsa. A sake auna sirdi. In duk wannan ya nuna dannawar ta taimaka, madalla, a ci gaba. In kuwa amsar ta fito cewa a hutar da shi wata uku, a fasa tseren bana, a nan ake gane wanda ke neman lafiyar dokinsa da wanda ke neman izinin hawa.