Yabon Gwani Ya Zama Dole, Amma Wane Gwanin?

Kwanan baya gardama ta kaure a ɗakinmu na kwana tsakanina da wani abokina da ke Tsangayar Ilmi, a kan ko malamin makaranta yana da haƙƙin a yaba masa a bainar jama'a, ko kuwa albashinsa da ladansa na lahira sun wadatar. Muka rabu ba wanda ya kayar da wani. Shi ya sa na ga ya kamata in kawo maganar gaban 'yan uwa ɗalibai da malamanmu, ko a sami wanda zai raba mu.

Bari in fara da mutumin da ya sa abin ya dame ni, watau malamin da ya koya mana kimiyya a ƙaramar sakandare. Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, sai wani kabad mai kwaɗo da ba mu taɓa ganin cikinsa ba. Ran da zai koya mana bambancin asid da alkali, sai ga Malam da gorar ruwan zoɓo da kofuna uku. Ya matsa lemun tsami a na farko, jansa ya ƙara haske. Ya jefa kanwa a na biyu, ruwan ya rikiɗe ya koma kore mai duhu. Na uku ya bar shi yadda yake don mu kwatanta. Ajin ya yi tsit. Abin da iyayenmu mata ke taɓawa kullum a madafi, ashe kimiyya ce! Har ya yi ritaya ban ji an taɓa ba shi ko da takardar yabo ba, kuma shi da bakinsa ya gaya mana tun da ya bar kwalejin horon malamai ba a taɓa kiransa wani kwas ba.

Mai karatu zai ce, me ya sa na ware malamin ƙaramar sakandare? Dalili shi ne, tun da aka soma aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982, waɗannan shekaru uku su ne mararraba. A nan ne yaro ɗan shekara 12 zuwa 15 yake yanke wa kansa hukunci ko kimiyya tasa ce ko ta masu ƙwaƙwalwa ce kawai. Ga shi kuma malami guda ne ake ɗora wa ilmin halittu da na sinadarai da na fizis a darasi ɗaya, alhali sau da yawa fanni ɗaya ya karanta. Ni dai na ɓulle ta sashen Hausa, amma wannan ba laifin Malam ba ne, lissafi ne ya kore ni.

Hujjar abokina ita ce, koyarwa ibada ce, kuma wanda ya yi aiki don a yaba masa ya faɗa cikin riya. Ban musa ba. Sai dai a ganina ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Riya ciwo ne da ke cikin zuciyar mai aiki, shi zai yi fama da ita tsakaninsa da Ubangijinsa. Godiya kuwa bashi ne a wuyan wanda aka yi wa aikin. In malami ya tsarkake niyyarsa, wannan bai sauke mana bashinmu ba. Kuma na lura ba a yi wa likita ko ɗan kwangila wa'azin jiran lahira. Malami kaɗai ake yi wa, galibi ma a bakin wanda albashin malamin ya maƙale a teburinsa.

To, mun yarda a yaba. Ta yaya? A nan ne ni kaina na shiga ruɗani. A 2019 an ba wani malamin lissafi da fizis ɗan ƙasar Kenya, Peter Tabichi, kyautar gwarzon malamin duniya a Dubai, dala miliyan ɗaya. A ƙauye yake koyarwa a yankin Nakuru, kuma kashi 80 cikin ɗari na albashinsa yana bayar da shi ga matalauta. Ba mai hankalin da zai ce bai cancanta ba. Na kuma yarda irin wannan kyauta takan sa yaro ya ga cewa malami ma yana iya zama abin kallo. Amma kyauta mutum ɗaya take ɗagawa cikin dubbai, kuma tana zuwa ne ga wanda ya ji labarinta, yana da intanet, ya iya cika fom da Turanci mai daɗi. Malamin zoɓo bai san ana yi ba. Tsorona shi ne kada mu riƙa yi wa mutum guda tafi ranar 5 ga Oktoba, ranar malamai ta duniya, mu koma gida muna jin mun biya sauran.

Akwai kuma wata irin sakayya da ta fi ba ni mamaki. In malami ya yi fice a aji, ladan da ake ba shi shi ne a cire shi daga ajin, a ba shi ofis da kujerar mataimakin shugaban makaranta. Watau tukuicin iya koyarwa shi ne a daina koyarwa.

Abin da na tsaya a kai shi ne, babbar girmamawar da za a yi wa mai ilmi ita ce a ba shi damar ƙara ilminsa. Kimiyya ba ta zama wuri ɗaya. Malam ya koya mana duniyoyi tara ne ke kewaya rana, muka haddace, muka rubuta a jarrabawa. Sai a jami'a na gano cewa tun watan Agusta na 2006 masana taurari suka taru a birnin Firag suka cire Fuluto daga jerin, saura takwas. Kusan shekara goma kafin mu shiga ajinsa ke nan. Shin Malam ƙarya ya yi mana? A'a, abin da aka ba shi ya ba mu. Laifin wa ke nan?

Ba wai babu hukumomi ba. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya tana nan tun 1957. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976, aka kuma yi dokar Hukumar Rajistar Malamai a 1993. A 2022 an sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65, ko shekara 40 ta aiki. Madalla. Amma shekara 40 da tsohon littafin rubutu guda, wanda takardunsa suka yi ja, ba gata ba ne ga malami, balle ga ɗalibi. Kuma kada in zama mai son kai, malaman ma suna da nasu kason. Kowa ya san akwai masu zuwa bita don kuɗin alawus, su sa hannu a rajista su sulale kasuwa. Wanda ya ƙi karatu don ba a aike shi kwas ba, ya ci amanar yaran da ke gabansa. Sai dai ba na jin adalci ne a jarraba mutum a kan abin da ba a taɓa ba shi hanyar saninsa ba, sa'an nan a kira shi jahili.

Da hutun Sallar da ta wuce na je gaishe da Malam. Bayan mun gaisa na yi ta juya maganar a raina, don ina jin nauyinsa, daga bisani dai na ce, "Malam, ashe duniyoyin nan sun koma takwas." Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Ɗana, wacce aka cire, kuma don me?" Na ce Fuluto ce, domin ba ta share hanyar da take bi daga sauran duwatsun da ke kewaye da ita ba. Sai ya kira jikarsa ta kawo biro da takarda, ya ce in rubuta masa dalilin sosai, don akwai yaran unguwa huɗu da yake yi wa darasi da yamma, kuma makon jiya ya gaya musu tara.