Mece Ce Ƙyama?

'Yan'uwa, akwai kalmomi uku da mukan gauraya: ƙi, tsana da ƙyama. Ba ɗaya ba ne. Mutum yakan ƙi abu bayan ya auna shi. Yakan tsani wanda ya cuce shi, in an tambaye shi kuwa yana da dalili. Amma ƙyama ba ta jiran dalili. Tsigar jiki ta tashi, zuciya ta tashi, a kau da kai a tofar da yawu tun hankali bai ce kome ba.

Tana da amfaninta, gama ita ke hana yaro taɓa mushe. Ɓarnar tana zuwa sa'ad da ta bar mushe ta koma kan ɗan Adam.

A ƙauyukanmu na Birnin Kudu da Gwaram kowa ya san wanda aka fi yi wa haka, watau kuturu. Moɗarsa dabam, akushinsa dabam, sadaka ma daga nesa ake jefa masa. Ba tsanarsa aka yi ba, gama bai cuci kowa ba. Mai tsanarka ma yakan zauna ya yi jayayya da kai. Mai ƙyamarka ba ya zama.

A 1937 mishan ta SIM ta karɓi jinyar kutare a lardin Kano, wanda ƙasarmu ke cikinsa a lokacin. Asibitin yana Yadakunya. Ku dubi sunan da kyau. Tun 1873 wani likita mai suna Hansen ya gano ƙwayar cutar a ƙasar Norwe. Wajen mutum 95 cikin 100 jikinsu ba ya kamuwa da ita. Maganinta kyauta ne, na wata 6 ko 12, wanda ya soma sha kuwa ya daina yaɗa ta. Amma yatsan da ya gutsure ba ya tohowa, saboda haka mutum ya warke shekara ashirin, har yanzu ana ware masa moɗa. Ashe ido muke bi, ba cutar ba.

Ubangijinmu ya warkar da kutare goma da magana kaɗai (Luka 17). Na cikin Markus 1 kuwa, sai da ya miƙa hannu ya taɓa shi. A ganina da gangan ne.

Littafin Misalai sura 6 ya lissafta abu bakwai da Allah ke ƙyama. Ku karanta, ba ciwo ko ɗaya a ciki. Akwai girman kai, da ƙarya, da shaidar zur, da mai haɗa 'yan'uwa faɗa. Waɗannan kuwa muna cin tuwo da su a akushi ɗaya.