Wayar da Ta Tsinke: A Gyara Ko a Zubar?

Idan na'urar sauraro da ake sawa a kunne ta yi shiru ta gefe ɗaya, sau da yawa lasifikarta lafiya lau take. Siraran zaren tagulla ne suka tsinke a gindin filogi, inda waya take yawan lanƙwasa. Mai gyara yakan cire tsohuwar wayar, ya ƙone shafen da ya rufe bakin zaren sabuwar, gama dalma ba ta kamawa a kansa, sa'an nan ya liƙa.

Wani zai ce ladan gyara ya kusan kuɗin sabuwa, to, ina laifin zubarwa? Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ba zan ɗora wa talaka zunubi a kanta ba. Amma farashin kasuwa ba ya lissafa kome da kome. A Agbogbloshie ta birnin Akara, kafin a rushe wurin a 2021, samari, yawancinsu daga arewacin Gana, sun yi shekaru suna ƙona wayoyi don su fitar da tagulla, suna shaƙar hayaƙi mai guba. Sauƙin da muka samu, da huhunsu suka biya shi. Irin wannan al'adar zubarwa ce marigayi Paparoma Francis ya tsawata a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015.

Ubangijinmu, wanda ya ƙosar da mutum dubu biyar, bai rasa ikon yin sabuwar gurasa ba. Duk da haka ya sa almajirai suka tattara gutsattsarin, har kwando goma sha biyu.