Gwanjon Kayan Ɗaki da Azurfar Gado a Mizanin Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta ciniki Ya haramta riba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan uwa Musulmi, tambaya ta yawaita daga Madawa da Buza da Keita a kan kayan da mamaci ya bari a ɗaki: kabad da jeren kwanuka da tasoshi, akwatuna, cokula da farantai, da ƴar azurfar da kakanni suka ajiye. Shin ya halatta a fitar da su a yi gwanjo? Wa ke da ikon sallamawa? Kuma mene ne hukuncin azurfar kanta?

Asalin gwanjo halal ne. Malaman fiƙihu suna kiransa bai'ul muzayada, wato cinikin da ake ta ƙara taya har a sallama wa wanda ya fi. Abu Dawuda da Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Anas (R.A.) cewa wani mutumin Madina ya zo yana roƙo, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya tambaye shi abin da ke gidansa. Ya kawo shimfiɗa da ƙoƙon shan ruwa. Annabi ya ɗaga su da hannunsa mai albarka yana neman mai saye. Wani ya taya dirhami ɗaya, ya nemi ƙari, wani ya ba da biyu, ya sallama. Da dirhami ɗaya mutumin ya sayi abinci, da ɗayan ya sayi gatari ya shiga saran itace. Wasu malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma halaccin gwanjo shi ne abin da jumhurun malamai suka tafi a kai. Hanin da ya zo na yin ciniki a kan cinikin ɗan uwa yana faɗawa ne bayan mai kaya ya karkata ga mai saye sun daidaita. Muddin yana cewa albarka, ƙofa a buɗe take ga kowa.

Ɓarna tana shigowa ta wajen masu taya. Ta farko ita ce najashi, wanda haninsa ya tabbata a Buhari da Muslim da Muwaɗɗa: dillali ya tsayar da yaronsa cikin taro yana ƙara kuɗi alhali ba saye zai yi ba, don ya ruɗi mai buƙata. A mazhabar Imam Malik, wanda aka ruɗa yana da zaɓin mayar da kaya idan mai sayarwa ya san da makircin. Ta biyu kishiyarta ce, kuma ita ce ta fi cin raunana a kasuwanninmu: ƴan kasuwa su haɗa baki kada kowa ya wuce taya ta farko, su saye kayan marayu da araha, su koma gefe su raba riba. Shehu Halil ya kawo a Muhtasar cewa mutum zai iya roƙon wani daga cikin masu taya ya janye masa, amma ba dukansu ba. Wanda ya toshe bakin kasuwa duka ya zalunci mai kaya, ko da an tafa hannu an ce Allah Ya ba da riba.

Tarihin ƙasar nan ya ishe mu darasi. A farin 1973 da 1974, da yunwar 1984 wadda mutane suka sa wa suna El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya a shekarar, sa'an nan a 2005, gidaje da yawa a Adar sun sayar da dabbobi, da suka ƙare suka shiga ɗaki. Tasa ta tafi, munduwa ta tafi, tsofaffin kuɗin azurfa masu hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, waɗanda ake bugawa da shekarar 1780 kuma maƙeran Buzaye ke narkewa su yi kayan ado, su ma suka tafi da ƴan tiyoyin hatsi. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, abin da ake auna kuɗinsa da kuɗin waje ya ninka, wanda ya riga ya sayar kuwa sai dai ya yi kallo. Ba mu ce cinikin mai yunwa ɓatacce ne ba. Saye daga gare shi da farashin gaskiya taimako ne. Abin zargi shi ne ka san ƙimar abu, shi bai sani ba, ya dogara da kai ya ce ka saya yadda ake saye, ka ba shi rabin rabi. Wannan shi ne mustarsil a bakin malamai, kuma cutarsa haramun ce.

A ƙasashen Turai wannan sana'a tana da manyan gidaje. Christie's na Landan ya fara tun 1766, Hôtel Drouot na Paris tun 1852. A Nuwamban 1996 gidan Sotheby's ya sayar da kwanon miya guda na azurfa, aikin maƙerin Faransa Thomas Germain, a kan dalar Amurka sama da miliyan 10 a birnin New York. A Disamban 2004 Christie's ya sallama kabad ɗin Badminton a kan fam miliyan 19. Ba mu kawo wannan don wani ya zaci tasar kakarsa za ta yi haka ba. Mafi yawan abin da ke ɗakunanmu ƙimarsa ta kasuwar ƙauye ce. Amma baƙon da ya taso daga Yamai ko Agadas yana bin gidaje yana neman tsohon kaya ya san inda zai kai shi, ku ma ku nemi sani kafin ku sallama.

Sai batun azurfa. Buhari ya ruwaito cewa Huzaifa (R.A.) yana Mada'in ya nemi ruwa, wani babban mutumin garin ya kawo masa a ƙoƙon azurfa, sai ya jefe shi da shi, ya ba da uzuri cewa ya sha hana shi bai hanu ba, kuma Annabi (S.A.W.) ya hana ci da sha a kwanukan zinariya da azurfa. Hadisin Ummu Salama (R.A.) ya yi wa mai sha a cikinsu narko da wutar Jahannama. A nan namiji da mace ɗaya ne. An halatta wa mace ado na jiki, ɗan kunne da warwaro da sarƙa, amma ba cokali da faranti ba. Mazhabarmu ta ƙara da haramcin ajiye su ko da ba a amfani da su, saboda haka jera su a kabad don idon baƙi bai fitar da mutum ba. To me magaji zai yi da su? Azurfar dukiya ce, malamai sun halatta sayar da ita, kuma mafi kyau a kai wa maƙeri ya narke ta ta zama adon mata. Sai dai cinikinta hannu da hannu ne, babu bashi, kuma idan azurfa za a musanya da azurfa sai nauyi ya zo daidai, ba a lissafin kyawun aiki.

Akwai zakka a kanta idan ta kai nisabi, dirhami 200, kimanin giram 595, ta kuma shekara a hannun mai ita. Ana fitar da ɗaya cikin arba'in: mai giram 800 zai ba da 20 ko ƙimarsu. Adon da mace take sawa babu zakka a kansa a wurin Malikiyya. Kuma kada waswasi ya kama kowa: cokulan da ke kasuwa galibinsu farin ƙarfe ne kawai, babu laifi a kansu. Waɗanda aka shafa wa ruwan azurfa kuwa akwai zance biyu a mazhaba. Azurfar Faransa ta gaske tana ɗauke da ɗan hatimi mai kan mace da hular yaƙi tun 1838, ta Ingila kuma hatimin zaki. Maƙeri amintacce zai bambance muku.

Mas'alar da ta fi ba mu tsoro ita ce ta mai ikon sayarwa. Sau da yawa ana gama sadakar bakwai sai wan mamaci ko babban ɗa ya kira dillali ya kwashe ɗaki. Ku sani, jeren da mace ta zo da shi daga gidan iyayenta nata ne, ba ya shiga gadon miji. In an yi jayayya a kan kayan gida babu shaida, abin da aka saba na mata ne ana bar wa matar bayan ta rantse. Idan ita ce ta rasu, kayan nan gado ne da za a raba tsakanin mijinta da ƴaƴanta da iyayenta kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, bayan biyan bashi da zartar da wasiyya. Ba na ƴan uwanta mata ba ne su raba tsakaninsu a tsakar gida, kamar yadda al'ada ta gudana a wasu wurare.

In kuwa akwai maraya a cikin magada, abin ya ƙara nauyi. Wasiyyi ko alƙali ne ke sayar da rabonsa, kuma don maslaharsa. Malamanmu sun sharɗanta wa alƙali ya tabbatar da maraicin da mallakar, ya tabbatar sayarwar ce ta fi, a kai kayan kasuwa a yi ta shela har a daina samun mai ƙari, kuma kuɗin ya zama daidai da ƙima. Ga inda gwanjo ya zama kariya ga mai rauni: ana yinsa a fili, ranar kasuwa, gaban shaidu. Muna roƙon limamai da hakimai na Madawa da Buza da Keita da Tamaske, duk gadon da aka kira su rabawa, su sa a rubuta kowane kaya da sunansa, a auna azurfa a gaban magada, a faɗi la'adar dillali tun kafin ya ɗaga murya, kuma kada wanda aka damƙa wa amanar maraya ya sayi kayansa da kansa ko ta hannun wani.

Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.